Daga Zanzaro zuwa Adaidaita Sahu: Tarihin Wata Ƙira Mai Dogon Zango

Kalmar ƙira a Hausa ta taso ne daga bakin maƙera, inda ake dafa ƙarfe a wuta a sarrafa shi da guduma har ya zama fartanya ko lauje, amma tun da daɗewa ma'anarta ta faɗaɗa ta haɗa da fasali da tsarin kowane abu, shi ya sa ake cewa wane yana da ƙirar ƙarfi, ko wannan mota ƙirar Jamus ce. A zamanin masana'antu wannan ma'ana ta biyu ta zama sana'a mai zaman kanta, ta mutumin da ba lalle ne ya taɓa guduma ba, wanda aikinsa shi ne ya zauna ya yanke shawarar yadda abu zai kasance tun kafin a yi shi: inda nauyinsa zai zauna, inda hannu zai kama, abin da za a ƙera shi da shi, da kuma kuɗin da zai ci. Idan ya gama zane a takarda sai a haɗa samfurin gwaji, wato guda ɗaya tilo da ake yi da hannu domin a auna tunanin da ke cikin zanen kafin injina su fara fitar da dubbai. Mafi yawan irin waɗannan samfurori a takarda suke mutuwa ko a zauren baje koli, kuma 'yan kaɗan ne suke tsallakewa su shiga rayuwar talakawa har a manta cewa wani ne ya taɓa zama ya tsara su. Keken nan mai taya uku da ya cika titunan Kano da Kaduna da Maiduguri da Damagaram yana cikin waɗannan 'yan kaɗan, kuma salsalarsa tana komawa ne ga wani ƙaramin gari a ƙasar Italiya da wani injiniyan jiragen sama da ya ƙi jinin babur.

Pontedera bayan yaƙi

Rinaldo Piaggio ya kafa kamfaninsa a shekarar 1884 a yankin Genoa, inda ya fara da kayan cikin jiragen ruwa, sannan ya shiga ƙera taragun jirgin ƙasa, daga baya kuma jiragen sama da injinansu. A shekarar 1924 kamfanin ya mallaki masana'anta a Pontedera, wani gari da ke kusa da Pisa, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu shi ne ya ƙera P.108, babban jirgin yaƙin Italiya mai injina huɗu. Wannan ne ya sa masana'antar ta zama abin hari, har bama-bamai suka rushe ta, ta yadda lokacin da yaƙi ya ƙare a 1945 ɗan wanda ya kafa kamfanin, Enrico Piaggio, ya tarar da kango da ma'aikata masu gwaninta a sarrafa falankin ƙarfe, alhali kasuwar jiragen yaƙi ta rufe. A waje kuma hanyoyi da gadoji da layukan dogo sun lalace, fetur ya yi wuya, kuma mota ta fi ƙarfin ma'aikacin da yake bukatar zuwa wurin aiki kullum.

Tunanin ƙaramin babur mai ƙananan tayoyi ya girmi wannan lokaci, domin an sayar da Autoped a Amurka tun 1915, an yi Skootamota a Ingila a 1919, kuma sojojin Amurka sun shigo Italiya da ƙananan babura na kamfanin Cushman. Injiniyoyin Piaggio ma, a garin Biella inda aka kwashe wani sashe na aikin saboda yaƙi, sun haɗa samfurin gwaji mai lamba MP5, wanda aka yi wa laƙabi da Paperino. An rufe injinsa da ƙarfe, an yi masa garkuwar ƙafa, amma tsakiyarsa a cike take, dole mahayi ya ɗaga ƙafa ya tsallaka kamar mai hawa doki. Enrico Piaggio bai gamsu da shi ba, sai ya miƙa aikin ga Corradino D'Ascanio.

An haifi D'Ascanio a 1891 a garin Popoli, kuma zuciyarsa tana ga jirgi mai saukar ungulu, domin a watan Oktoba na 1930 wani jirgi da ya ƙera ya tashi a filin Ciampino kusa da Roma ya kafa tarihin duniya na wancan lokaci, inda ya yi minti 8 da daƙiƙa 45 a sama ya kuma yi tafiyar mita 1,078. Bai kasance mahayin babur ba, kuma abubuwan da mahaya suka saba da su har suka daina gani, a idonsa aibu ne: sarƙa tana fesa baƙin mai a tufafi, laka tana tashi daga tayar gaba, canza taya a hanya wahala ne, zaman kuma yana gajiyar da baya. Rashin sabon nan shi ya zama jarinsa, domin ya fara zanen daga mutum a zaune a miƙe kamar a kan kujera, ƙafafunsa a haɗe a kan dandamali, sannan ya tsara sauran abubuwan a kewayensa, har aka samu samfurin gwaji mai lamba MP6.

Abin da samfurin MP6 ya zo da shi

Kowace matsala da ya lissafa sai da ya nemo mata magani daga ilimin jirgin sama. Maimakon ƙashin bututun ƙarfe da ake rataya wa inji da tanki, ya yi gangar jiki ta falankin ƙarfe da aka matse a inji aka haɗa da walda, wadda ita kanta take ɗaukar nauyi, kamar yadda ƙwarya take da ƙarfi saboda lanƙwasarta duk da rashin kaurinta. Injin ya ɗauke shi daga tsakanin ƙafafun mahayi ya kai shi gefen tayar baya, ya haɗa shi da ita kai tsaye ta hanyar giya, da haka sarƙa ta fita daga lissafi gaba ɗaya, tsakiyar babur ɗin kuma ta zama fili. Tayar gaba ya riƙe ta da hannu ɗaya ta gefe guda, irin yadda ake riƙe tayar saukar jirgi, saboda haka ana kwance ta da 'yan notuna kamar ta mota, kuma ta gaba da ta baya girmansu ɗaya, safaya guda ta wadatar. Canjin giya ya mayar da shi hannun hagu tare da kuloci, ya kafa faffadar garkuwa a gaba domin tare laka da iska, kuma da yake injin a rufe yake, an sa masa fanka da ke hura masa iska don kada ya yi zafi.

Wannan tsari yana da nasa farashi, domin ajiye inji a dama ya sa nauyin ya ɗan karkata gefe guda, ƙananan tayoyi kuma ba sa son rami kamar manya. A samfuran baya an riƙa ajiye safaya a ɓangaren hagu, abin da ya rage karkatar. Irin wannan ciniki, a sami wani abu a bar wani, shi ne ainihin aikin mai tsara ƙira, kuma gwanintarsa tana bayyana ne a sanin abin da mai saye zai iya haƙura da shi da wanda ba zai iya ba.

An shigar da takardar mallakar fasahar a birnin Florence ranar 23 ga Afrilu, 1946, aka kuma sa wa babur ɗin suna Vespa, wato zanzaro a harshen Italiyanci, saboda faɗin bayansa da siririn ƙugunsa da ƙarar injinsa. Bahaushe ma ya lura da wannan ƙugu na ƙwaron, shi ya sa yake kiran cusa riga cikin wando zanzaro. Samfurin farko yana da inji mai cc 98, wanda shi ne ma'aunin faɗin cikin tukunyar da mai ke ƙonewa, da giya uku, da gudun kusan kilomita 60 a awa, an kuma sa masa farashin lira 55,000 tare da damar biya kaɗan-kaɗan. A 1946 an ƙera guda 2,484, a shekara mai bi aka haura 10,000, kuma a 1956 aka cika miliyan ɗaya. Kamfanin Innocenti na Milan ya fito da kishiyarta Lambretta a 1947, fim ɗin Roman Holiday na 1953 kuma ya kai hoton Vespa ko'ina a duniya.

Filin nan na tsakiya, wanda a takarda ƙaramin canji ne, shi ya buɗe ƙofa ga mutanen da babur ya daɗe yana korewa. Mace mai siket da limamin coci mai doguwar riga da akawu mai kwat duk sun iya hawa su sauka tufafinsu tsaf. Dalilin da ya yi aiki a Roma shi ya yi aiki a Zariya da Katsina da Sakkwato, inda a shekarun 1970, musamman bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, besfa ta zama abin hawan malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati, domin mai babbar riga yana iya tattara ta ya zauna ba tare da tsoron sarƙa ko baƙin mai ba. D'Ascanio bai san babbar riga ba, amma da yake ya fara tunaninsa daga jikin mutum da suturarsa, maganin da ya samo ya zarce ƙasar da aka yi shi dominta.

Ƙudan zuma mai ɗaukar kaya

Ƙananan 'yan kasuwa da manoma da masu gidan burodi na Italiya suna da wata bukata dabam, ta abin da zai ɗauki kaya ya shiga lungunan tsofaffin garuruwa, kuma kuɗinsa bai kai na a-kori-kura ba. D'Ascanio ya ɗauki rabin gaba na Vespa yadda yake, ya cire tayar baya ya sa biyu, ya shimfiɗa dandamalin kaya a kansu, aka fara sayar da shi a 1948 da inji mai cc 125 da ƙarfin ɗaukar kusan kilo 200. An sa masa suna Ape, wato ƙudan zuma, domin idan zanzaro ya yi suna da siririn jiki, ƙudan zuma da aiki aka san shi. Hikimar wannan mataki tana cikin arharsa, domin inji da hannun tuƙi da tayar gaba duk waɗanda masana'anta take yi ne tun da farko, kuma duk bakaniken da ya iya gyaran Vespa ya iya gyaran Ape. Tun a shekarun farko an yi wani nau'i mai kujerar fasinja a baya da rumfa, wanda ake kira Calessino, a 1956 kuma aka yi wa direba ɗaki mai gilashi da rufi. Wanda ya dubi adaidaita sahu a yau zai ga wannan gado a fili: taya ɗaya a gaba mai hannu guda, da hannun tuƙi irin na babur a wurin da mota take da sitiyari.

Zangon Indiya

A Indiya ne wannan ƙira ta sami aikin da ya fi shahara da ita. Biranen ƙasar sun daɗe da keken da mutum yake ja da ƙafa, wanda aka ƙirƙira a Japan wajen 1869 da sunan jinrikisha, ma'ana abin hawa mai tafiya da ƙarfin mutum, daga baya kuma aka sami mai feda. Bayan samun 'yancin kai a 1947, ganin mutum yana jan ɗan'uwansa kamar dabba ya zama abin da shugabanni da yawa suke son kawarwa. Kamfanin Bachraj na iyalan Bajaj, wanda aka kafa a 1945, ya fara shigo da babura masu taya biyu da masu uku a 1948, kuma ɗan kasuwa Navalmal Firodia, wanda ya yi haɗin gwiwa da su, shi ake jingina wa sunan da aka san keken da shi a can, mai nufin rikisha mai inji. A 1959 gwamnati ta ba kamfanin izinin ƙerawa a gida, ya koma Bajaj Auto, ya riƙa yin Vespa da mai taya uku a kusa da birnin Pune bisa yarjejeniya da Piaggio.

Yarjejeniyar ta ƙare a 1971, kuma daga nan injiniyoyin Indiya suka ci gaba da kansu. A 1972 suka fito da Chetak, jikar Vespa, wadda aka sa wa sunan dokin sarki Maharana Pratap, kuma saboda ƙayyade yawan abin da masana'antu za su ƙera a wancan zamani, mai saye yakan jira shekaru, wani lokaci har goma, kafin layi ya zo kansa. Gyara mafi muhimmanci ga mai taya uku ya zo a 1977, lokacin da aka ɗauke injin daga ƙarƙashin kujerar direba aka mayar da shi baya. Wannan ya raba direba da zafi da ƙara da jijjigar da yake sha yini guda, ya ɗora nauyi a kan tayoyin da ke tura keken, ya kuma daidaita zaman fasinjoji uku a jere. Shi ne fasalin da ya bazu a duniya, kuma daga baya kamfanin TVS ya shigo da nasa mai suna King a 2008, Piaggio kuma ya kafa masana'anta a Baramati a jihar Maharashtra. A ƙarshen 2024 aka daina ƙera Ape a Pontedera bayan shekara 76, aikin ya rage a Indiya.

Injin asali mai bugu biyu ne, wato wanda ake gauraya masa baƙin mai da fetur su ƙone tare, abin da ya sa yake da sauƙin gyara amma yake fitar da hayaƙi mai yawa. Da kekunan suka yi yawa hayaƙin ya zama cuta ga birane, har Kotun Ƙolin Indiya ta ba da umarni a 1998 cewa motocin haya na Delhi su koma amfani da iskar gas, kamfanoni kuma suka karkata ga inji mai bugu huɗu, wanda mansa yake zaune a ma'ajinsa dabam. Gangar jikin ta karɓi waɗannan sauye-sauye ba tare da ta canza kamanni ba, kamar yadda ta karɓi batir lokacin da Piaggio ya fito da Ape mai lantarki a 2019.

Sunaye da yawa, ƙira ɗaya

Kowace ƙasa da keken ya shiga sai ta raɗa masa suna. A Masar tuktuk ne, a Sudan raksha, a Habasha bajaj, a Tanzaniya bajaji, a Gana kuma pragya. A Nijeriya sunayensa uku suna ɗauke da tarihin shigowarsa. Na farko shi ne Keke Marwa, daga Buba Marwa wanda ya mulki jihar Legas a zamanin soja daga 1996 zuwa 1999, lokacin da aka shigo da kekunan don rage wahalar sufuri. Na biyu shi ne Keke Napep, daga shirin yaƙi da talauci da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kafa a 2001, wanda ya raba kekunan ga matasa a matsayin jari. Na uku ya fito daga Kano, inda gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙaddamar da shirin gyaran tarbiyya mai suna A Daidaita Sahu a 2004, kalmar da aka aro daga kiran da liman yake yi kafin a tayar da salla. A 2005 aka fito da kekuna masu launin ruwan ɗorawa ɗauke da sunan shirin domin mata su sami abin hawa su huta da hawa bayan ɗan acaɓa, jama'a kuma suka ɗauki sunan da ke rubuce a jiki suka ba keken, har sunan ya tsallaka iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jihar ta hana acaɓa a cikin birni, kuma daga wannan lokaci adaidaita ta zama ƙashin bayan zirga-zirgar Kano ga maza da mata.

A nan aka shiga zango na uku na tsara ƙirar, wanda babu sunan injiniya ko ɗaya a kansa. Masu walda suna ƙara ƙarafa a gefe da baya domin kare jiki daga gogayyar cunkoso, suna kafa maɗauki a kan rufi saboda kayan kasuwa. Masu ɗinkin tamfol suna yin labulen da ake saukewa idan ruwa ya sauko ko hunturu ya busa, wanda kuma yake ba mata sutura, masu kushin suna sake kujeru, masu fenti da rubutu suna ƙawata baya da addu'a ko karin magana. Tattalin arzikin keken ma ya bi fasalinsa, domin arhar mai da sauƙin kayan gyara su suka sa mai jari zai iya saye ya ba direba, direba ya riƙa kawo balas kullum, ko su yi yarjejeniyar biya a hankali har keken ya zama nasa. A kewayen kowane keke akwai bakanike da mai faci da mai sayar da kayan gyara da mai wanki, waɗanda abincinsu yake rataye da shi.

Ƙirar tana da iyakar da ya wajaba a faɗe ta. Abin da ya tsaya a kan taya uku gindinsa kusurwa uku ne, saboda haka idan aka sha kwana da gudu nauyi yakan fita daga wannan gindi keken ya kife, kuma haɗarin yana ƙaruwa idan an ɗora kaya a sama ko an zaunar da mutum a gefen direba, wurin da ba a tsara shi don fasinja ba. Gefunansa a buɗe suke, jikinsa kuma marar kauri ne, don haka ba shi da kariya idan ya haɗu da babbar mota. An yi shi ne domin gajeriyar tafiya a hankali cikin gari da mutum uku a baya, kuma yawancin asarar rayukan da ake yi da shi tana faruwa ne inda aka ɗora masa abin da ya wuce wannan.

D'Ascanio ya rasu a Pisa a 1981, jiragen da ya ci gaba da gwadawa a farkon shekarun 1950 ba su kai kasuwa ba, amma babur ɗin da ya zana ya haura miliyan 19 a shekarar 2021, kuma akwai samfurinsa a gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York. Abin da ya ba wannan ƙira tsawon rai shi ne ta fara daga bukatar mutumin da ba shi da yawa, an yi ta da sassa kaɗan waɗanda mai gyara na bakin titi zai iya fahimta, kuma ta bar wa masu amfani da ita wurin da za su ƙarasa ta da hannunsu. Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 tambayar da ke gaban direban adaidaita ita ce ta abin da zai zuba a tanki, kuma tuni aka fara ganin masu aiki da gas da masu batir a titunan Arewa. Matasan injiniyoyi da maƙeran da za su tsara zango na gaba suna da abin da D'Ascanio bai samu ba, domin sun san nauyin buhun da ake ɗorawa a kasuwar Dawanau, sun san zurfin ruwan da ke kwanciya a titi a watan Agusta, kuma sun san abin da ke saura a aljihun direba bayan ya kai balas da yamma.